Akurki da Shimfiɗarsa: Tambayoyin da Masu Kiwon Kaji a Gida Suke Yi Mini a Damagaram

Shekara 11 ke nan ina kiwon kaji a lungun da ke bayan madafinmu a Garin Malam. Ba su taɓa haura 30 ba, akwai ma shekarar da suka koma huɗu da gurgun zakara ɗaya. Tambayoyin nan na maƙwabta ne da ƴan'uwa. Wasu a zaure aka yi mini su, wasu ta WhatsApp da tsakar dare, bayan kaza ta riga ta saki fukafukai. Ni ba likitan dabbobi ba ne, inda magana ta kai ga allura zan tura ku wurin masu ita. Nawa sanin bai wuce tsintsiya da rairayi da rana ba, kuma yawancin amsoshina kan abu ɗaya suke komawa: akurki ya bushe.

Malam, sau nawa ya kamata a share akurki?

Kullum da safe, da zarar an buɗe musu sun fita. Ba duka akurkin ba, wurin da suka kwana kawai. Kaza babba tana yin kashi kamar giram 100 ko fiye a yini, kuma mai yawa daga ciki da dare take zubar da shi, wuri guda, ƙarƙashin sandar da take kwana a kai. Wanda ya kwashe wannan tarin kafin ya sha koko ya gama rabin aiki, kuma ba zai ci masa minti biyar ba. Ni buhun siminti da ya ƙare nake shimfiɗawa ƙarƙashin sandar, da safe in ja shi in kakkaɓe a ramin taki, in shanya.

Sau ɗaya a mako a motsa sauran shimfiɗar, a cire inda ta dunƙule. Babbar shara kuwa, wadda ake fitar da komi har a ga daɓe, sau biyu a shekara ta isa in ba a yi ciwo ba: ɗaya a bazara kafin ruwa ya sauka, ɗaya a kaka kafin sanyi ya shigo.

Ruwan sha ma sai mun saya wurin ƴan ga-ruwa. Dole ne sai an wanke akurki?

Wannan ce tambayar da na fi so, domin ta garinmu ce. Duk wanda ya kwana a Zinder a watan Afrilu ya san yadda ake gadin famfo da jarka a jere har asuba. Shawarar da ake ji ta a kwarara wa akurki ruwa kowane mako, an yi ta ne don gonakin da aka zuba wa siminti aka yi musu magudana. Akurkin laka mai daɓen ƙasa in ka zuba masa bokiti uku, ka yi asara biyu: ruwan ya tafi, ƙasa kuma ta sha ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Danshin nan shi ne abincin cuta. Ƙwan ƙwayar da ke sa ƴan tsaki kashin jini, wadda likitoci ke kira koksidiya, yana fita cikin kashi bai nuna ba, sai ya samu laima da ɗumi kwana ɗaya ko biyu sannan ya iya kama wata kaza. Ka hana shi laimar, ka rage masa ƙarfi.

Saboda haka sharar bushe ita ce tamu. A kankare daɓe da guntun langa-langa ko ƙaramar fartanya, a share, a share yanar gizo da ƙurar bango, a fitar da sanda da akwatin ƙwai a ajiye su a rana tun hantsi har la'asar. Ranar Damagaram a bazara tana wuce digiri 40, kyauta ce, ba ta layi. In rufin akurkinka na ɗagawa ne, ɗage shi rana ta leƙa ciki.

Ruwan da kake da shi, kashe shi a kan kaskon shansu. Shi ne ke son wanki kullum, a cuɗe santsin nan da ke manne a ƙasansa.

Me ya fi dacewa in shimfiɗa musu?

Abin da ke kusa da kai, muddin busasshe ne kuma yana shan laima. Na gwada kusan duka.

Rairayi shi ne na farko a wurina, mai ɗan kauri irin na ƙorama, ba garin ƙurar da iska ke tarawa a gindin katanga ba. Yana busar da kashi da sauri, ana iya tankaɗe shi da rariya a mayar, gara ba ta cinsa, ƙwari ba su samun maɓoya sosai a cikinsa, kuma a lokacin zafi za ka ga kaji sun tona sun kwanta ciki suna shan sanyinsa. Aibinsa biyu: nauyi wajen ɗauka, da sanyi a hunturu, don haka ba ya yi wa ƴan tsaki. Takinsa ma bai kai na sauran ba.

Ɓawon gyaɗa yana da kyau ƙwarai, ga shi ba ya wuya bayan kaka, musamman ga mai ƴan'uwa a wajen Matamaye ko Magarya. Amma ku ji abin da ya same ni. Wata shekara na ajiye buhu biyu a gindin bango damina ta bi ta kansu. Sama ya bushe, na zata lafiya. Na zuba wa ƴan tsaki 12 masu kwana biyar. Kwana uku ba a yi ba na tarar da su suna miƙa wuya suna buɗe baki kamar masu neman iska, ba tari ba majina. Da na tona ƙasan buhun sai ga ɓawon ya yi kore-kore yana warin rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Fumfuna ce ta shiga huhunsu. Uku suka tsira. Tun ranar, ɓawon da zan shimfiɗa sai ya yi yini biyu a baje a rana, kuma sai na sansana shi.

Ƙaiƙayin gero ana samunsa a duk inda ake sussuka. Yana shan laima, sai dai yana saurin dunƙulewa kuma yana tashi da ƙura, ga ƙaiƙayi a jikin mai shara, sunansa ma ya faɗa. Na fi son in cakuɗa shi da ɓawon gyaɗa. Wurin kafintoci kuma ana samun abu iri biyu: fiƙe-fiƙen katako masu faɗi da ke fita daga gogewa, da garin zarto mai laushi. Na farkon shi ake nema. Garin zarto ƴan tsaki suna cinsa a zaton dusa ce, ya cushe musu ciki. A kuma guji na katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara. Ɓuntun shinkafa yana da kyau, amma a nan ba mu da shi da yawa.

Abin da ban yarda da shi ba sam: tsumma, kwali da leda. Suna riƙe ruwa, ƙuma tana kwana a cikinsu.

Kaurin shimfiɗar fa?

Yatsu huɗu a haɗe, wato santimita 7 zuwa 10, in ɓawo ne ko katako. Rairayi yatsu uku sun isa.

Ta yaya zan gane shimfiɗa ta lalace?

Da hannu da hanci. Damƙi cikin tafi ka matse ka saki. In ta watse, lafiya. In ta tsaya a dunƙule kamar fura, ta jiƙe, a cire ta. In kuwa ƙura ce ke tashi har ka yi atishawa, ta bushe fiye da kima, ita ma a sauya wani sashe.

Sannan ka durƙusa da sassafe kafin ka buɗe ƙofa gaba ɗaya, ka kai hancinka daidai tsawon kan kaza. Mutane suna tsayuwa a miƙe su ce ba su ji komi ba, alhali kazar tana can ƙasa. Farin nan da ke kan kashin kaza shi ne fitsarinta, kuma in ya jiƙe yana sakin iskar amoniya, zarnin nan mai yaji a ido. In ya sa ka ƙifta ido, to ya daɗe yana cin idonsu da maƙogwaronsu, kuma kazar da maƙogwaronta ya ƙuje kowace mura tana samun ƙofa.

Kakanninmu ba su shimfiɗa komi ba, kajinsu kuma suna lafiya. Wannan ba ƙaƙale ba ne?

Baba, da gaskiyarka, amma dubi inda kajin suke kwana a lokacin. Kan reshe, ko ƙarƙashin rumbu inda iska ke ratsawa ta kowane gefe, da rana kuma suna yawo a fili mai faɗi, kashin yana warwatse rana tana ƙona shi. Yau a Birni ko Zango gida ya matse, kaji 15 suna kwana a ɗan ɗakin da bai kai tabarma biyu ba, an kulle saboda muzuru da ɓarawo. Kashin da a da yake bazuwa a gona guda yanzu yana taruwa a taki uku. Kuma in za a faɗi gaskiya, kajin kakanni ma annoba tana share su duk hunturu, sai dai a ce ikon Allah a sake nemo wasu.

Tun da maganar matsi ta zo: kada a wuce kaji 4 ko 5 a murabba'in mita ɗaya na wurin kwana, kowace kuma ta samu kamar taƙi guda a kan sanda.

Ina zuba toka a kan kashin don wari. Daidai ne?

Rabin daidai. Toka a kan busasshen daɓe kafin a zuba shimfiɗa tana da amfani. Toka a tsohuwar taya ko fasasshen kwano, a haɗa da rairayi a ajiye a inuwa don su yi birgima, wannan ya fi komi, domin da ita suke kakkaɓe ƙwarin jikinsu. Amma toka a kan jiƙaƙƙen kashi tana ƙara tayar da zarnin ne, ta kuma kori sinadarin da ke sa takin ya yi ƙarfi. A kwashe kashin tukuna. Kuma a tabbata ta huce: toka tana ɓoye garwashi har wayewar gari, ƙaiƙayi kuwa ba ya jiran gayya.

Kajina sun daina shiga akurki da magariba, sai na kora su. Me ke faruwa?

Akwai mai cizonsu da dare. Bari sai bayan isha, ka ɗauki tocila ka haska bango da ƙarƙashin sanda. Ranar da na fara yin haka na ga abin da ya tayar mini da tsikar jiki: daga tsagar laka wasu abubuwa masu faɗi kamar ƙwayar kankana suna fitowa a jere, suna gangarowa wurin kajin. Kaskar kaji ke nan. Da rana ba ka ganinta a jikin kaza, tana cikin tsaga, kuma tana iya shekara da shekaru ba ta sha jini ba tana jira. Akwai kuma ƙanana jajaye kamar garin barkono, in ka shafa farar takarda ƙarƙashin sanda za ka ga jan zane. Waɗannan daga ƙwai zuwa babba mako ɗaya ne kawai, shi ya sa duk abin da ka yi sai ka maimaita bayan kwana 7.

Maganinsu na dindindin yaɓe ne. A fitar da shimfiɗa a ƙone, a toshe kowace tsaga da laka ko siminti, a shafe bango sumul da farar ƙasa. Sandar kwana a ɓare mata ɓawo, a babbaka ta sama-sama a waje, kada ta jingina da bango in da hali. Ƙumar da ke manne a zanko da gefen ido kamar baƙaƙen ɗigo, a shafa mata man baslin, tana sakin fatar kazar. Ƴaƴanta kuwa a cikin shimfiɗa suke girma, don haka sai an sauya ta. Busasshen ganyen dogon yaro a akwatin ƙwai yana taimakawa, ina sawa, amma ba ya gama da kaska.

In fesa fiya-fiya ba shi ke nan ba?

A'a, Hajiya, don Allah. Guba ce mai kisa, ga kaji a ƙuntataccen wuri, ga ƙwai da yaranki za su ci. Haka maganin feshin wake. Ki je wurin ma'aikatan kiwo ko kantin maganin dabbobi a ba ki wanda aka yi don kaji, ki tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai.

Jabel ko girezil, wanne ya fi?

Dukansu ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, amma ba sa aiki sosai a kan ƙazanta. Jabel musamman, da ya taɓa kashi ƙarfinsa ya mutu. Sai an kankare an wanke da omo an ɗauraye, sannan a jiƙa da jabel, kofi 1 a kofi 9 na ruwa, a bari minti 10 ko fiye. Na kasko ne da akwati da daɓen siminti. Girezil ya fi jure datti, amma warinsa yana kama ƙwai kuma yana ƙona fata, sai kaji suna waje, kuma kada su koma sai ya bushe iska ta ratsa. Kada a haɗa jabel da wani magani a bokiti ɗaya. A daɓen ƙasa na fi yarda da a kankare yatsa biyu na sama a zubar, a barbaɗa farar ƙasa, a zuba sabuwar ƙasa a daɓe.

Da damina fa? Komi na jiƙewa.

Ruwanmu bai da yawa, wajen milimita 400 a shekara, amma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zuba, da hadari mai iska daga gabas. Don haka ƙofar akurki kada ta dubi gabas, kudu ta fi. A ɗaga daɓen taƙi guda sama da tsakar gida, rufi ya zarce bango, a duba yoyo tun a Mayu. Kaskon ruwa ya kwana a waje, ko a ɗora shi kan bulo, domin yawancin jiƙar shimfiɗa daga gare shi take, ba daga sama ba. A wannan lokaci nakan watsa ɗan gero cikin shimfiɗa da safe. An ce kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta, amma a nan tonon nata aiki take yi mini, tana juya ɓawon yana shan iska.

Da sanyi nakan toshe ko'ina da buhu. Laifi ne?

Toshe gefen arewa da gabas inda iskar hunturu ke bugowa, ka bar kafa a sama kusa da rufi. Babbar kaza tana jure sanyin Janairu, abin da ba ta jurewa shi ne zarni da tururin numfashi a rufaffen ɗaki. Ƙara kaurin ɓawo ya fi ƙara buhu.

Kuma in faɗa da babbar murya: shara ba ta maye gurbin rigakafi. Annobar da ke zuwa da sanyi, mai sa koren zawo da murɗewar wuya, wadda likitoci ke kira Niyukasul, ba ta da magani in ta shiga, kuma tana shiga akurki mai tsabta ma. Ɓawon maɗaci da barkono a ruwa ba sa tare ta. Rigakafinta na allura ne ko na ɗigawa a ido, a yi shi kafin sanyi, a maimaita yadda likita ya ce.

Kajina sun mutu da yawa. Yaushe zan zuba wasu?

Ba gobe ba. Gawa a binne da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a juji kare ya ja ta zuwa gidan maƙwabci. Shimfiɗar duka a ƙone, wannan ba ta taki ba ce. A yi babbar shara, a bar akurki a buɗe babu kowa aƙalla mako 2, in ka iya wata guda ya fi. Sabuwar kazar da ka sayo a Kasuwar Dole ranar Alhamis ta yi mako 2 ita kaɗai a wani lungu kafin ta haɗu da sauran, ko da kyauta ce daga surukai.

In mutuwar ta zo farat ɗaya, da yawa cikin yini ɗaya ko biyu, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada ka yanka, kada ka fige, kada ka taɓa da hannu tsirara. Sanar da ma'aikatan kiwo. Murar tsuntsaye ba labarin nesa ba ne: a Magarya, cikin jiharmu, aka fara tabbatar da ita a Nijar a watan Fabrairu na 2006, kuma tana iya kama mutum.

Kazata tana kwanci. In share wurinta?

Kafin ta fara ake shiryawa: sabon ƙaiƙayi, ɗan toka a ƙasa, wuri mai duhu daban da na sauran. In ta zauna, kwana 21 ne, ƙwan zabi kuwa 26 zuwa 28, a ƙyale ta. Sai dai in ƙwai ya fashe, a jira ta tashi cin abinci a cire ɓatacciyar ciyawar. Bayan ƙyanƙyasa a ƙone shimfiɗar gaba ɗaya.

Kashin da na kwashe, in kai lambu kai tsaye?

Masu lambun Mirya za su gaya maka takin kaji ya fi na shanu zafi. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin da ke sa mutum zawo, abin tsoro ga salati da kabeji da ake ci ɗanye. A tara shi a rami, hawa ɗaya kashi da ɓawo, hawa ɗaya kara ko busasshen ganye, a yayyafa ruwan wanke-wanke marar jabel, a rufe, a juya duk mako 2. In ka cusa hannu ka ji zafi, yana dahuwa. Wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa. Na gonar gero kuwa a kai tun rani a turbuɗe. Ramin ya yi nisa da madafa da randa.

Yaro zai iya yin sharar?

Mai shekara goma zai iya, in ya rufe hanci da ƙyalle ya wanke hannu da sabulu. Mai asma da mai juna biyu su bari. Tsintsiyar akurki ta akurki ce, kada ta shiga ɗaki ko madafa, haka takalmin. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai rarrafe, wanda duk abin da ya tsinta a tsakar gida baki yake kaiwa. Gidan da ke da irinsa, a share tsakar gida kafin a sauke shi, ko a kewaye wa kajin wurinsu da zana.

Agwagi da zabi za su iya kwana tare da kaji?

Zabi da sauƙi, in sun yarda sun sauko daga bishiya. Agwagwa kuwa a'a. Kashinta ruwa ne, kasko kuma wurin wankanta ne, dare ɗaya ya isa ta mayar maka da ɓawon wata guda caɓi. Nawa biyun a tsohon tanderu suke kwana, can kusa da makwarara.